Ranar da Hukuma Ta Girgiza Dodona

Makon nan da layi ya fara mini, jama'a, kuma da na san inda zai kai ni, da na yi zamana a gida ina soya awarata. An ce Baitulmalin Minasaka za ta raba wa ƙananan 'yan kasuwa tallafin tsabar mon, wato kuɗin garinmu, tunda yanzu a garin nan sai ka yini kana ciniki ba ka ga ƙwandala ɗaya da idonka ba. Tun ana shafa wa sama ruwan hodar asuba na je na kama layi. Ban bar wurin ba sai da Masu Zane, waɗanda ke zana mu da duniyarmu, suka naɗe waccan samar suka rataya mana ja ta yamma. Na dawo gida da ciwon ƙugu da sanarwa.

Ku da kuka taɓa bin layi a garin nan kun san yadda ake yi da mu. Na gaba su ake zana wa ido da hanci. Mu na can baya ɗan zagaye ne kawai a bisa riga ruwan toka, ba a ko motsa mu, wai tawada ta yi tsada. Ƙuda ya sauka a goshina tun hantsi, na kasa korarsa, domin ba a ware wa hannuna kuɗin motsi ba. Amma da Mai Girma Sarkin Tsaba, Garkuwan Aljihu, Fitilar Tattalin Arziki, ya fito baranda zai yi mana jawabi, sai ga iska ta musamman an kunna masa. Hannun rigarsa yana kaɗawa, gemunsa yana kaɗawa, kowane gashi da tasa tafiyar, furanni suna zubowa a bayansa alhali ba lokacinsu ba ne. Tawadar da aka kashe a kan gemun nan kaɗai ta isa ta motsa unguwarmu har ƙarshen shekara. Ba hassada nake yi ba. Gemun hukuma ne, dole a kula da shi.

Mai Girma ya ce tallafi yana nan daram, an ma fara rabon a zuci. Matsala guda ce kawai ta taso: dodanni sun ƙare.

Nan fa na gaba suka yi ta faɗuwa rigingine, ƙafafu a sama, kamar yadda muka saba idan an gaya mana abin da ya fi ƙarfin kunne. Ni ban faɗi ba, saboda dalilin da na ambata.

Ko jariri ya san inda kuɗi ke fitowa. Jarumi ya shiga daji, ya sari dodo, dodo ya yi bum ya zama hayaƙi, tsaba ta zubo ƙasa tana ƙyalli. Jarumi ya kwashe ya shigo gari, ya sayi sabuwar takobi a kan mon dubu, maƙeri ya karɓi tsohuwar a kan mon goma yana mita wai an cuce shi. Jarumi ya kwana a masauƙi, ya tashi da kwano arba'in na taliya a zama ɗaya. Daga maƙeri zuwa mai gawayi, daga mai gawayi zuwa mai shinkafa, a haka ragowar ke gangarowa har ta iso bakin kaskona. Haka muka taso muka tarar. Ba wanda ya damu ya ji wa ke zuba wa dodo kuɗi a ciki, ko me ya sa ƙaton jemagen da ko wando ba shi da shi yake yawo da mon talatin. Na taɓa yin tambayar a wannan shafi nawa na jarida, aka turo mini mutum biyu masu baƙin gilashi, suka ci awara suka tashi ba su biya ba.

A zamanin mahaifina jarumi ɗaya ne a lardi, maraya, mai tabo a kumatu. Yau duk babban da ɗansa ya kasa karatu sai ya saya masa takobi mai faɗin ƙyauren ƙofa, a miƙar masa da gashi tsaye, a ce ga jarumi. Sun share dajin gabas, sun share kogon yamma, har tsutsar gona mai zubar da rabin mon ba su ƙyale ba. Yanzu suna zaune a gidajen shayi suna goge takubba, babu abin sara.

Sai dai hukumarmu, a yaba mata, ba ta runtsawa. Mai Girma ya ce kwamitin masana ya gano cewa akwai dodannin daji da suka lallaɓo suka fake a gidajen talakawa suna yin kamar na gida. Saboda haka ranar kasuwa duk mai dodo ya kawo shi dandali a girgiza. Dodon gida na gaskiya, in ji masana, ba shi da komai a ciki sai ciyawa. Wanda kuwa aka ji ƙarar tsaba a cikinsa, to na daji ne, dukiyar ƙasa ce, nan take za a sake shi a Bikin Farfaɗo da Tattalin Arziki jarumi ya sare shi a gaban jama'a.

Ɗigon gumi guda, ƙato kamar kabewa, ya gangaro mini ta ƙeya.

Ina da dodo. Sunansa Mameta, shi ke ja mini dutsen niƙan wake, shi ya ja wa mahaifina. Girmansa ya kai ƙaramin rumbu, gansakuka ta tsiro masa a baya, ƙahonsa ɗaya ya karye tun ranar da kyanwar maƙwabta ta firgita shi ya ci karo da bango. Bai taɓa cizon kowa ba, haƙoran ma saura biyu. Idan ya ga raina a ɓace sai ya zo ya ɗora haɓarsa a kafaɗata, in kwana biyu ina tafiya a karkace. Ni da matata Oshige ba mu da ɗa, don haka shi muke yi wa faɗa, shi muke lulluɓewa da sanyi. Kuma duk abin da na tara a duniya yana cikin tumbinsa.

Kada wani ya ɗaga mini gira. Ina kuke so in ajiye? Dokar ƙasa ta ba jarumi dama ya faɗo gidan kowa ba sallama, ya fasa tukwane, ya buɗe akwati, abin da ya samu nasa ne, kai kuma kana tsaye a gefe kana ta maimaita masa, "Barka da zuwa Minasaka." In ka kai Baitulmali, shiga babu wuya, fita sai wanda ya san wani. Shi ya sa rabin unguwarmu a cikin dodo muke ajiya. Kullum in na tashi kasuwa sai in cusa 'yan tsabar da suka yi saura a cikin awara in jefa masa, ya haɗiye yana kaɗa wutsiya. Yadda za a fito da su kuwa mun bar wa gaba. Kowa cewa yake ai wata rana hukuma za ta fito da tsari, ga shi kuwa ta fito da shi.

Na isa gida na tarar labari ya riga ni. Oshige tana tsakar gida, jijiyar fushi ta fito mata a goshi tana bugawa.

"Tomezo," ta ce. Idan ta kira sunana tsurarsa, ba maigida ba, na san in nemi wurin fakewa. "Sau nawa na ce maka mu haƙa rami a ƙarƙashin murhu kamar sauran mutanen kirki?"

"Ai jarumai sun fara yawo da kare mai shinshina rami, uwargida."

"To sai ka je ka yi wa hukuma bayanin kare. Kira mini shi in ji."

Na kira Mameta. Ya taho da gudunsa na tsofaffi, kowane taku ƙirin, ƙirin, ƙirin, kamar mai tallan mundaye. Oshige ta dafe kai ta zauna a kan turmi.

Washegari babu abin da ba mu gwada ba. Mun ɗura masa maganin wankin ciki har ya daina kula mu. Mun rataye shi kai ƙasa a reshen bishiya, reshen ya biyo shi. Mun yi masa cakulkuli, ya yi ta dariya har tagogin maƙwabta suna rawa. Ko mon ɗaya bai fito ba. Mu ma mun sani, ƙi kawai muke yi: tsaba ba ta fita daga cikin dodo sai tare da hayaƙi.

Muna cikin haka maƙwabcina Jinroku ya leƙo ta kan katanga. Maginin tukwane ne, kuma shi kaɗai ne a unguwar nan aka zana wa riga uku, domin duk tukunyar da jarumi ya fasa a wurinsa ake sayen madadinta. Bai taɓa jin hukuma ta yi tari ba tare da ya tafa mata ba.

"Haba maƙwabci, me kake wahalar da tsoho?" ya ce. "Ka miƙa shi da hannunka tun ba a girgiza ba. Na ji daga majiya mai ƙarfi, wanda ya kai da kansa za a ba shi lambar yabo da ushirin abin da ya zubo."

"Ushirin kuɗina?"

"Kuɗin ƙasa, maƙwabci. Da zarar tsaba ta wuce maƙogwaron dodo ta zama ma'adini."

"Jinroku, ka ji kunya. A bayan dodon nan ka yi wasa kana ɗan mitsitsi, har ka yi masa fitsari bai jefar da kai ba."

"Kuma na gode masa tun a lokacin. Ni kishin ƙasa nake nuna maka. In jarumai ba su samu kuɗi ba, ba za su shigo gari ba. In ba su shigo ba, wa zai fasa tukunya?"

Oshige ta zaro guduma daga bayanta, irin wadda matan garin nan ke zarowa ba a san daga ina ba, ta aika shi sama har ya zama ɗan tauraro ya yi ƙyal. Kafin a sauke tukunyar rana ya dawo da 'yar filasta a goshi, yana tambaya ko akwai ragowar awara.

Oshige ce dai ta samo dabara. "Tunda sun ƙi fita," ta ce, "sai mu toshe musu baki. Maza kasuwa, ka sayo shinkafa mai danƙo. Mu dafa, mu kirɓa, mu ɗura masa har tsabar ta rasa wurin motsi."

Na ruga kasuwa ina jin mu ne masu wayon duniya. Sai na tarar da rabin unguwarmu a layin mai shinkafa, kowa ya sunkuyar da kai, wai shi biki zai yi. Tunda babu tsaba a hannun kowa, musaya ake yi. Da safe mudu ɗaya cokali ne, da na iso gaba ya zama kasko. Na ba da kaskona, na ba da matsefin auren Oshige, na ba da bargo. Da na haɗa da rigata ma, amma a jikina aka zana ta. Abin mamaki, rumfa ɗaya ce tak a duk Minasaka ke da shinkafa mai danƙo, kuma ta surukin Mai Girma ce, wanda ya saye ta kaf ana jibi za a yi sanarwa. Wasu mutanen hancin kasuwa gare su, ni ban ce komai ba.

Ranar kasuwa dandali ya cika. An kafa rumfar manya da labulen siliki, an jera wasan wuta, an ɗauko makaɗa daga babban birni. Abin da aka kashe a shirin bikin, in da rabawa aka yi, da babu wanda zai sake cusa wa dodonsa ƙwandala. Ƙarti huɗu 'yan kokawa ne ke ɗaga dodo su girgiza, wani jami'i mai lakabin Babban Mai Sauraro yana kara ƙahon ji a tumbi. Dodannin unguwa suna ta zuwa da ƙyar, ciki tim da shinkafa, ido rabi a rufe. A girgiza, shiru. A kawo na gaba, shiru. Tun Mai Girma yana murmushi har layukan nan masu shuɗi suka fara sauko masa a rabin fuska, iskar gemunsa ma aka kashe.

Aka zo kan Mameta. Suka ɗaga shi da nishi, suka girgiza hagu da dama, suka ƙara. Babban Mai Sauraro ya kasa kunne har ya gaji, ya ce, "Na gida ne." Oshige ta matse mini hannu. Na fara lissafin inda zan samo aron kasko.

Ashe uwargidan Mai Girma ta zo da kyanwarta a hannun riga. Kyanwar ta leƙo, ta dubi Mameta, ta ce miyau. Sau ɗaya. Tsohon nan da bai taɓa tsallake ko kwata ba ya yi sama har ya wuce rufin Baitulmali, ya dawo ya zauna daɓas. Shinkafar ta gusa. Daga can cikinsa aka ji: ƙirin.

Dandali ya yi tsit. Iska ta wuce da ganye ɗaya.

"Na daji ne!" in ji Mai Girma, da murya irin ta wanda aka ceto daga rijiya. Aka buga ganga, aka sake kunna masa iska.

Jarumin da aka tanada ɗan yayan Mai Girma ne, saurayi mai gashi ruwan lemo, ana kiransa Mai Takobin Tsawa. Ba mugu ba ne, kawai dai ba a zana masa komai tsakanin kunnuwa biyu ba. Ya fito ya buɗe ƙafafu, ya ɗaga takobi, ya fara kiran sunan saran da zai yi. Kun san ba a sara sai an kira suna, kuma nasa sunan dogo ne: Saran Tsawar Sama Ta Tara Mai Tsaga Duwatsun Kakannin... ya tsaya ya ja numfashi. Sama ta yi baƙi, walƙiya tana kewaye shi, tsakuwa tana tashi. Shi kuwa Mameta yana zaune a tsakiyar fili yana waige-waige. Da ya hango ni sai ya fara kaɗa wutsiya, ya buɗe baki, yana zaton awara zan jefo masa.

Jama'a, tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Kuma ba na kuɗin ba ne. A lokacin nan ko mon ɗaya ban tuna ba.

Ba a ware mini motsi ba a ranar, don haka a sandare na tafi, kamar allo ana tura shi a ƙasa, har na tsaya tsakanin takobi da dodona. Ba ni da makami, ba ni da lakabi. Sai kawai na ji bakina ya ce, "A wancan lokacin..."

"Ku rufe masa baki!" Mai Girma ya yi ihu. "Ba shi da izinin tuna baya! Wannan na manya ne da miyagun da ke gab da mutuwa!"

Ya makara. Duk wanda ya fara kalmomin nan da zuciya ɗaya, ba sarki ba dogari da ya isa ya katse shi. Launin dandali ya koma ruwan ƙasa, sarewa ta fara busawa daga inda ba a gani, kowa ya tsaya cak, dole ya kalla.

Aka ga mahaifina yana saurayi, ya tsinci wani abu kamar dunƙulen hannu yana rawar sanyi a ƙarƙashin gada, ya cusa shi cikin riga ya kai gida. Aka ga shekarar da fari ya cinye wake, Mameta yana jan dutse da haƙarƙari a waje, mahaifina yana raba curin shinkafarsa biyu ya ba shi babban rabin. Aka ga ranar da muka binne tsohon, Mameta ya kwanta a kan kabari har ƙanƙara ta rufe shi sai ƙaho. Ni na so a tsaya nan, amma tuna baya ba ya tambayar mai shi. Sai ga hunturun da cikin Oshige ya zube, wanda shi ne na farko kuma na ƙarshe. Ta kwanta ta juya wa duniya baya, ta ƙi ci, ta ƙi magana. Mameta ya cusa kansa ta taga ya ajiye haɓa a gefen shimfiɗarta, ya ƙi fita, ya ƙi ci shi ma, har ranar da haushi ya ishe ta ta tashi ta ce, "Kai, fitar mini da wannan ƙaton kan, ka cika mini ɗaki da wari!" Ta ɗora tukunya don ta ciyar da shi, ta ɗan ci ita ma. Duk Minasaka ta ga wannan. An kuma ga ni ina cusa tsaba a awara ina waige-waige, wanda da an tambaye ni da na ce a yanke wurin.

Da launi ya dawo, babu busasshen ido a dandali. 'Yan kokawa sun rungume juna. Jinroku yana face hanci da riga ta uku. Mai Girma ya share maƙogwaro ya ce hujjar da aka samo ta tuna baya marar izini ba ta karɓuwa a hukumance, a ci gaba da sara.

Amma jarumi ya riga ya yar da takobi. Hawaye suna fita daga idanunsa kamar an ɓalle famfo biyu. Ya ruga ya rungume ƙafar Mameta yana ihu, "Daga yau kai abokina ne! Duk wanda ya taɓa ka, ni ya taɓa!"

Kun san doka: abin da jarumi ya kira aboki a gaban jama'a ba ya saruwa. Na zube ƙasa don daɗi. Oshige tana dariya tana kuka tana dukan bayana.

"Gobe da safe za mu kama hanya," in ji jarumi, yana share fuska. "Zuwa Tsibirin Bayan Gajimare. Tafiyar shekaru ce, amma da aboki a gefe..."

"Ranka ya daɗe," na ce, "wa da wa za su kama hanya?"

"Ni da abokina mana, Baba."

"Ai abokin naka ma'aikaci ne. Shi ke ja mini dutse. Ka riƙa zuwa kuna gaisawa, ga awara kyauta."

"Baba, abota ta wuce dutse," ya ce, haƙorinsa ya yi ƙyal.

Mai Girma ya matso yana shafa gemu, fuskarsa ta washe, domin ya hango mafita. "Malam mai awara, doka ba ta da kwana. Abokin jarumi yana bin jarumi duk inda ya sa ƙafa. In kuwa ya zauna a gidanka, to ba aboki ba ne, dodon daji ne da ya yi ƙara a gaban shaidu, kuma wasan wutarmu bai huce ba. Zaɓi naka ne. Hukuma ba ta tilasta wa kowa."

Na dubi Mameta. Oshige ce ta amsa, ba ta ko dube ni ba.

"Ya tafi," ta ce.

Nan take Mai Girma ya hau mumbari ya sanar cewa biki ya yi nasara fiye da yadda aka zata. Tsabar da ke cikin dodon ba ta salwanta ba, ta koma hannun jarumi kamar yadda tsarin kasuwa ya tanada, kuma tunda za ta ƙetare iyaka, daga yau Minasaka ta mallaki asusun ajiya na ƙasar waje. Aka harba wasan wuta da rana tsaka. Na nemi in san ko mai asusun zai iya cirar wani abu, aka ce in bi layi.

Washegari muka raka su ƙofar gari. Oshige ta ɗaure awara a ƙunshi ta ɗora wa jarumi a ka, ta tsare shi da ido.

"Ka ji ni da kyau, ɗan nan. Ba ya cin yaji. In sanyi ya sauko ka rufe masa baya, ba kai ba, baya. In kun ga kyanwa ku sauya hanya. Kuma in na ji ka sa shi faɗa da wani ƙaton abu, ko a bayan gajimaren kake zan same ka."

"To, Inna," in ji Mai Takobin Tsawa, yana ƙanƙame da ƙunshi.

Mameta bai gane ba sai da ya ga ba mu biyo su ba. Ya dawo da baya, ya ɗora haɓarsa a kafaɗata, ya daɗe. Ban ce masa ya ɗaga ba. Daga bisani Oshige ta daka masa tsawa irin wadda ya saba, ya juya ya bi jarumi a hankali, ƙirin, ƙirin, ƙarar tana raguwa har ta ɓace.

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Na yi kuka irin na wanda aka cire wa wani abu daga ƙirji. Kuma a daidai lokacin nan Masu Zane suka ga dama suka matso da fuskata kusa. Suka zana mini ido sosai, da gira, da tamoji, da hawaye masu ɗaukar haske. Tunda aka haife ni ba a taɓa kashe mini tawada haka ba.

Yau da safe na gama jan dutse da kaina, na fito a duƙe zan nemi aron kasko, sai ga Jinroku da gudu yana tafi.

"Maƙwabci, ka yi suna! Ka zama fuskar ci gaba!"

Ya ja ni zuwa dandali. A bangon Baitulmali, a ƙofar kasuwa, har a jikin rumfar surukin Mai Girma, ga fuskata nan ƙatuwa, hawaye shaɓe-shaɓe. A ƙasa an rubuta da jan baƙi: TALAKA YANA KUKAN MURNA, TATTALIN ARZIKI YA KAMA HANYA.

Na so in yi fushi. Oshige ce ta hana ni. Ta tsaya gaban hoton ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a kan ɗigon hawaye ɗaya da ke kumatuna. Wanda ya yi zanen ya san aikinsa: a cikin ɗigon ya zana abin da idona ke kallo a lokacin, ɗan mitsitsi, da ƙaho ɗaya da gansakuka a baya. Ba mu da wani hotonsa a duniya sai wannan.

Saboda haka in dogaran Mai Girma sun lura an ɓalle hoto ɗaya daga bangon Baitulmali, kada su wahalar da kansu neman 'yan tawaye. Wata mai kishin ƙasa ce ta kai shi ɗakin niƙa, tana so ta riƙa ganin tattalin arziki kowace safiya. Ku ma in kun wuce ta dandali ku matsa kusa ku duba cikin hawayen. A karon nan hukuma ba ta yi ƙarya ba. Ga shi nan ya kama hanya, ya ba mu baya, yana tafiya.